Fangali Takwas a Gonar Tudu: Littafin Gwajin Shinkafa da Fari

28 ga Mayu

Bara gonar tudun nan ta ba ni kunya. Sipi na zuba mata, don na ga yadda take cika buhu a Kura da Kadawa, na manta cewa can ruwan madatsar Tiga ne ke bin ta har gindi, ni kuwa ba ni da abin dogaro sai sama. Ruwa ya ɗauke tana tsakiyar fidda kai. Buhu huɗu na kwaso, rabi ƙaiƙayi. Ran da aka sauke su a ƙofar gida Baba bai ce uffan ba, ya dube su ya shige zaure, kuma wannan shirun ya fi min faɗa zafi.

Tun daga nan duk wanda na tambaya a kasuwar Tudun Wada yana da irin da zai rantse maka ba ya jin fari. Shi ya sa bana na ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Na yanki gefen gonar na raba shi fangali takwas, kowanne mita 10 a tsawo, 5 a faɗi. Iri huɗu ne, kowanne zan shuka shi sau biyu da tazarar mako biyu, in ga ko ranar shuka na da tata rawar. Sauran gonar masara da waken suya za su ci.

Akwai Sipi, wadda a takarda ake kira FARO 44. Na sa ta ne ta zame min ma'auni tunda na riga na san halinta. Sai FARO 55 da FARO 59, waɗanda sunansu na asali NERICA 1 da NERICA 8. Su don tudu aka yi su: an haɗa shinkafar Asiya da tamu ta Afirka, aikin da wani masani ɗan Saliyo, Monty Jones, ya jagoranta a Kwaddibuwa a shekarun 1990, har aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Ta huɗu ba ta da lamba, ba ta da takarda. Jar shinkafa ce da Gwaggo ke ajiyewa a tulu da toka, can ƙauyensu wajen Doguwa. Da na je roƙo dariya ta yi ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko me za ka yi da shinkafar tsofaffi?" Ta cika min kwanonta, na bar mata goron ₦500.

3 ga Yuni

Kwana shida ke nan da na ƙirga ƙwaya ɗari-ɗari na shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma. FARO 59 ta tsira 92, Sipi 88, ta Gwaggo 81. FARO 55 kuwa 63 kacal.

Na san inda matsalar take. FARO 59 a ɗinke na saye ta da takardarta, kilo 2 a ₦3,600. FARO 55 ba a same ta a shago ba, sai wani mutum a kasuwa ya auno min a mudu, ₦2,000, yana ta rantsuwa ita ce. Yau na baza ta a faranti na duba da kyau. Wasu ƙwayoyin na da baƙin ɗigo a tsini, wanda shi ne alamarta, wasu dogaye ne sirara, wasu gajeru masu kauri. Aƙalla iri uku ne a mudu ɗaya. Na koma wurinsa, ya ce shi ma haka aka kawo masa. Araha ba ta ado. Lokaci ya ƙure, haka zan shuka ta, sai dai in ƙara yawan ƙwaya a rami.

9 ga Yuni

An yi huɗa da shanu, muka baje ƙasa ni da ƙanena. ₦7,000. Igiya da fegi da fenti ₦2,500. Na ɗaure gwangwani mai miƙaƙƙen baki a kan turke, da rular ɗalibai zan riƙa auna ruwan da ya sauka.

12 ga Yuni

Daren jiya an yi ruwa, milimita 31 a gwangwani. Mun yi shukar farko, fangali huɗu, tazarar santimita 20 ta kowane gefe. Rami 1,250 ke nan a kowane fangali. Ƙwaya huɗu a rami, FARO 55 shida. Kamfa tiya 3 na saya a ₦8,400, na zuba rabi, rabi na jiran shuka ta biyu. Yara biyu da suka taya mu ₦1,000. Bayana kamar ba nawa ba.

19 ga Yuni

Duk sun fito. Ta Gwaggo ta riga kowa, ganyenta ya fi faɗi. FARO 55 akwai giɓi da yawa, na cike.

28 ga Yuni

Shuka ta biyu. Yara ₦1,000.

Muna cikin aiki malamin gona ya biyo a babur, ya tsaya ya zagaya, ya ce, "Malam, tunaninka ya yi, amma ka yi kuskure biyu." Na farko, kowane iri fangali ɗaya kawai na ba shi a kowace shuka, alhali masu bincike sau uku ko huɗu suke maimaitawa, kuma da ƙuri'a suke raba wuri. Na biyu, gonar tana gangarawa gabas. Ya kai ni ƙurya ta ƙasa ya damƙi ƙasar ta dunƙule a hannunsa, muka hau sama ya damƙa ta zube kamar gari. A waccan ƙurya mai laima kuwa Sipi ta biyu na shuka ban sani ba. Ya ce duk abin da na gani a fangalin nan in riƙa tambayar kaina, irin ne ko ƙasar ce.

Raina ya ɗan ɓaci, don gaskiya ya faɗa kuma an riga an shuka.

2 ga Yuli

Noman firi a shukar farko, ₦6,000 har da na ta biyu idan ta isa. Aya-aya ta yi yawa a saman gonar.

8 ga Yuli

Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Ruwa na ƙarshe ran 5 ga wata aka yi. Jiya da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, na ce to ga dama, na ruga na watsa yuriya a shukar farko don ruwan ya narkar da ita. Aka yi iska, aka yi ƙura, aka yi tsawa, hadarin ya wuce ko ɗigo bai sauke ba. Yau na je na tarar da farin taki kwance a kan busasshiyar ƙasa, raɓa ta ɗan jiƙa shi, rana kuma ta taso. Yuriya in ta kwana a sarari haka amfaninta iska yake bi. Mun bi da fartanya mun rufe abin da ya samu, amma na san an yi asara. Tiya 2 na saya a ₦4,600, ɗaya ta tafi a wannan gangancin.

Baba ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa zuba taki don ganin hadari ba, sai ya ga ruwa a ƙasa.

13 ga Yuli

Kwana takwas ba ruwa, in ban da yayyafin da ko ƙura bai kwantar ba. Abin da na shirya gwajin dominsa ya zo, kuma ba daɗin gani.

Shinkafa in ta ji ƙishi ganyenta take naɗewa don rana ta rage dukansa, ta kuma toshe 'yan ƙofofin numfashin da ke jikinsa. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin tana da ma'aunin wannan daga 0 zuwa 9, sifili ganye a buɗe, tara ya naɗe tamau. Da shi nake ƙoƙarin bi, da ƙarfe ɗayan rana. A shukar farko FARO 59 na ba ta 3, FARO 55 wasu 3 wasu 7 saboda gaurayen da ke cikinta, Sipi 5. Ta Gwaggo 9. Tun ƙarfe goman safe ta koma kamar ganyen albasa, fangalin ya yi toka-toka, ana ganin ƙasa ta tsakaninta.

Na dawo gida na ce wa Baba shinkafar ƙanwarku ita ce ta fara sarewa. Yana gyara carbinsa ya ce, "Da rana ka je. Ka koma da asuba."

14 ga Yuli

Na koma bayan sallar asuba da tocila. Ta Gwaggo ta buɗe tas, kore shar, kowane ganye da ɗigon ruwa a tsininsa. Ba raɓa ba ce, ruwan da saiwa ta turo ne cikin dare. FARO 59 ma haka, sai dai ɗigon bai kai nata yawa ba. Sipi ta sama kuwa, wadda jiya na ba ta 5 na ce ta fi ƙoƙari, ba ta gama buɗewa ba, bakin ganyenta ya fara ƙonewa, kuma ba ɗigo ko ɗaya.

Ashe makin rana yaudarata yake. Wadda ta naɗe da wuri tattalin abin da ke hannunta take yi, wadda ta bar ganye a buɗe tana ta kashewa. Daga yau sau biyu zan riƙa dubawa, kuma na asuba zan fi ba wa muhimmanci.

17 ga Yuli

Kwana goma sha biyu. Yau an fita roƙon ruwa filin idi, har da yara da dabbobi.

Shuka ta biyu ita ke cikin wahala, don ko mako uku ba ta yi ba, saiwarta ba ta je ko'ina ba. Ga kuma gara. Tunda ƙasa ta bushe ta dawo kan abin da ke da ɗanye, tana yanke shukar daga ƙarƙashi. Za ka ga tsiro a tsaye ya yi fari, ka taɓa shi ya biyo hannunka ba saiwa. A FARO 55 ta biyu na ƙirga layi biyar, kusan rami ɗaya cikin huɗu ya tafi. Na barbaɗa toka, ban ga ta hana komai ba. Tushiyar shinkafar bara da muka bari a gefe ita ta tara ta, da na sani na kwashe.

Sipi ta biyu, ta ƙuryar gabas, ita ce ta fi kowa kyau a yau. Duk wanda ya wuce sai ya nuna ta ya ce ga mai jure fari. Da malamin gona bai damƙi ƙasar nan a gabana ba, da ni ma na yarda.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ka bar ni in ɗauko amalanke, ko jarka goma ce in kawo." Na ce in muka ba ta ruwa to me muka gwada? Ya yi shiru, amma na ga bai ji daɗi ba. Maman yara ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da shukarsa ke mutuwa shi kuma yana tsaye da biro yana ba ta maki ba. Ban da amsar ba ta.

21 ga Yuli

Alhamdu lillahi. Daren jiya kamar da bakin ƙwarya, milimita 42. Kwana 15 cif aka yi.

30 ga Yuli

An samu ruwa sau uku a kwana goman nan. Na ƙara sayen yuriya tiya 1, ₦2,500, na haɗa da wadda ta rage na raba wa duka takwas, wannan karon a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Farfaɗowa ita ce abin kallo. Ta Gwaggo kamar an sake ta daga mari. Ta yi 'ya'ya, ganyenta ya sunkuyo ya rufe ƙasa, ciyawa ta rasa inda za ta ga rana. Na ƙirga gindi goma a kowane fangali na shukar farko: ita tana kai 'ya'ya 14 zuwa 16, Sipi 11, FARO 59 kuwa 7 ko 8 kawai, amma karanta ya fi kauri. Sipi ta zubar da ganyenta na ƙasa, kuma na ga wasu tabo masu siffar ido a jikin na sama. Malamin gona ya ce cutar tana son shinkafar da fari ya gigita aka kuma ɗura mata yuriya. Zan sa ido, ban yi feshi ba.

6 ga Agusta

Yau na yi aikin da na daɗe ina so. A gefen kowane fangali na shukar farko mun haƙa rami har gwiwa da ɗoriya, muka riƙa zuba ruwa da buta a hankali har saiwa ta bayyana a bangon ramin.

Sipi saiwarta yawa gare ta, sirara kamar gashi, amma kusan duka a taƙi ɗaya na sama suka taru suka bazu gefe. Da ƙyar na ga wadda ta wuce santimita 20. Ba laifinta ba ne, shinkafar fadama ce da ban-ruwa, inda ruwa ke zuwa ya same ta, me za ta je nema a ƙasa? FARO 59 saiwarta ba ta da yawa, amma masu kauri ne kuma ƙasa suka nufa, na bi ɗaya har santimita 41 kafin ta tsinke. Ta Gwaggo ta haɗa biyun, akwai na sama akwai masu nutsawa, mafi tsawo 46. A nan ne ɗigon asuban nan yake fitowa. A ramin FARO 55 mun ci karo da marmara a santimita 30, saiwar ta lanƙwashe ta bi gefe. Ga wani abin kuma da zai ɓata min lissafi.

Wannan zancen saiwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin masana. A 2013 wasu masu bincike na Japan suka bayyana wata ƙwayar halitta da suka sa wa suna DRO1, wadda suka samo a wata shinkafar tudu ta Filifin. Aikinta ta sa saiwa ta nufi ƙasa maimakon gefe. Da suka shigar da ita cikin IR64, shinkafar ban-ruwa mai gajeriyar saiwa, sai ta riƙa ba da amfani a farin da a da yake kayar da ita. Ni da buta da fartanya abin da na gani ke nan a ramina, sai dai ban san sunan abin da ke cikin ta Gwaggo ba.

11 ga Agusta

Marka. Maimai ₦5,000. Fangalin ta Gwaggo biyu ba su buƙaci komai ba, da hannu na tsinci 'yar ciyawar da ke ciki.

18 ga Agusta

FARO 59 ta farko ta fara fidda kai jiya, kwana 66 da shuka. FARO 55 na bin bayanta, ga ƙamshi in ka shiga da safe. Amma gaurayen ya fito fili yanzu: wasu sun fidda kai, wasu ko ciki ba su ɗauka ba, wasu sun fi sauran tsawo da kamu guda. Na ɗaura jan zare a kan waɗanda nake ganin su ne na ainihi, daga cikinsu kaɗai zan ɗebi iri.

Malamin gona ya zo, ya ja ganyen ta Gwaggo ya nuna min ɗan harshen da ke mahaɗar ganye da kara. Nata gajere ne mai zagaye, na Sipi dogo mai tsini a tsage biyu. Ya ce wannan alamar shinkafar Afirka ce ta asali, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara can ƙasar Mali shekaru wajen dubu uku da suka wuce, kuma irin danginta ne aka haɗa aka samu NERICA. Wato kaka da jikokinta na shuka a jere ban sani ba.

27 ga Agusta

Tsuntsaye. Duk yankin nan ba wanda shinkafarsa ta yi nono sai tawa, don haka nan suke karin kumallo. Na ɗaura igiya da gwangwanaye da leda, kwana biyu suka saba da su. Na ɗauki yaro ya riƙa tsaro safe da yamma, mun yi da shi ₦9,000 har a gama. Masu tallan iri mai saurin nuna ba sa faɗa maka wannan.

9 ga Satumba

FARO 59 da 55 na shuka ta biyu sun fidda kai tsakanin 4 da 6 ga wata. Sipi ta farko yau ta fara. Ta Gwaggo ta kai min ƙirji, ta ɗauki ciki, kuma abin mamaki fangalinta biyu tare suke tafiya duk da kwana 16 da ke tsakaninsu. Baba ya ce ita ba ta ƙirga kwana, lokacinta take jira. Malamin gona ya faɗi abu ɗaya da nasa yaren: tsofaffin iri da yawa sai yini ya fara raguwa suke fure, ko yaushe aka shuka su.

18 ga Satumba

Ruwan kirki na ƙarshe ran 10 ga wata aka yi, milimita 24. Tun daga nan shiru, sama ta yi fari, iska ta fara sauyawa. Irin na bara ke nan.

Farin Yuli da wannan ba ɗaya ba ne. A Yuli shuka ganye take yi, in ta rasa wani ta sake wani. Yanzu fure take, kuma kowace ƙwaya rana ɗaya gare ta, 'yan sa'o'i ma. In ta buɗe babu laima, garin furen bai zuba yadda ya kamata ba, shi ke nan ta zama ƙaiƙayi, ko gobe an yi ruwan da zai ci gari. Sipi ta farko a tsakiyar wannan ta faɗa. Zangarniyarta da yawa sun yi fari daga tsini, sun tsaya ƙiƙam ba nauyin da zai sunkuyar da su.

Ta Gwaggo ta fidda kai shekaranjiya, ita ma cikin farin. Amma na lura da wani abu da na kwana biyu ina tabbatarwa. Ita tun wajen bakwai da rabi na safe take buɗe fure, kafin tara ta rufe, da sauran sanyin raɓa. Sipi sai goma ta wuce take buɗewa, lokacin rana ta fara cizo.

FARO 59 ta farko kuwa ko a jikinta. Ta sunkuya ta yi jawur, gobe za mu yanke.

22 ga Satumba

Mun yanke FARO 59 ran 19, kwana 99. FARO 55 yau, muka bar waɗanda ba su nuna ba. Bugu a kan tamfol, kowacce da buhunta da sunanta.

Ina murna, amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Waɗannan biyun ba su yi karo da farin Satumba ba sam. Sun gama cika ƙwaya ruwa na sauka. In na ce sun jure ƙarya na yi, tserewa suka yi. Wanda ya bar gari kafin yaƙi ba za a ce masa jarumi ba, ko da yake shi ma ya tsira da ransa, kuma a wurin manomi buhu buhu ne. Ainihin jarrabawarsu tana shuka ta biyu.

27 ga Satumba

An yi milimita 8 ran 23, bai kai ko'ina ba. Sipi ta biyu, tauraruwar Yuli, ta zo fidda kai laimar ƙuryar gabas ta ƙare. Zangarniyar ta maƙale a kube, rabi a waje rabi a ciki. Na tsaga guda goma, na cikin duk sun yi fari fat. Mutanen da suka riƙa nuna ta a Yuli yanzu wucewa suke ba sa waiwaye.

FARO 59 ta biyu na naɗe ganye da rana, tana buɗewa da asuba. Ƙwayoyin saman zangarniya sun cika, na gindi shafal.

8 ga Oktoba

An yanke FARO 59 da 55 na biyu ran 5, Sipi ta farko yau.

15 ga Oktoba

Ta Gwaggo ta nuna min ɗayan halinta. Iskar daren 12 ta kwantar da rabin fangali ɗaya, ga shi kuma ba ta riƙe ƙwaya. Lauje na taɓa ta sai ka ji tana zuba kamar yayyafi. Da rana muka fara, Baba ya zo ya tsayar da mu ya ce ba a yankanta sai da raɓa, kuma tun ba ta gama bushewa ba. Mun makara da kamar kwana huɗu. Abin da ya zube a ƙasa kajin maƙwabta sun gode. Kuɗin masu taya yanka da bugu gaba ɗaya ₦3,000.

24 ga Oktoba

Sipi ta biyu ran 18 muka yanke, don dai a cika lissafi. Duk an shanya an sheƙe, yau na aro sikelin mai shago na auna shanshera.

FARO 59 ta farko kilo 13 da rabi, ta biyu 8 da rabi. FARO 55 kilo 10 da kilo 7. Sipi kilo 5, ta biyu kilo 1 da rabi. Ta Gwaggo 5 da rabi da kuma 5, ban da abin da kaji suka ci. In aka buga na FARO 59 ta farko a hekta ya kama kilo 2,700, amma ba zan ɗora buri a kan fangali ɗaya ba. Na kuma ƙirga ƙwaya ɗari daga zangarniyoyin da na ware kafin sheƙa, ina matsawa da farce: a FARO 59 ta biyu 29 ba komai a ciki, a ta Gwaggo 34, a Sipi ta farko 58, ta biyu 86.

Jimillar abin da na kashe ₦56,100, shinkafar duka kilo 56. Maman yara ta ce kilo ɗaya dubu ɗaya ke nan, tun ba a kai ta inji ba, da kasuwa na je da na huta.

Abin da ya fi tsaya min shi ne kwana 16 kacal sun ci wa FARO 59 kilo biyar, iri ɗaya, gona ɗaya, taki ɗaya. Ta Gwaggo kuwa rabin kilo ne tsakanin nata biyun, ba ta hau ba ba ta faɗi ba, kuma ita kaɗai ce duka fangalinta biyu suka yi fure a tsakiyar fari suka fita da abin a zo a gani. Na FARO 55 ban ɗauke shi hukunci ba. Gaurayen iri, gara, da marmara sun haɗu a kanta.

Baɗi in Allah ya kai mu, FARO 59 za ta samu rabin gonar, kuma kafin tsakiyar Yuni za ta shiga ƙasa ko da masara za ta jira. Na fara yi wa maƙwabta biyu magana mu shuka tare don mu raba tsuntsayen. Sipi ta koma fadamar Kawu inda ta dace. Gwajin zan maimaita shi da fangali uku-uku da ƙuri'a, in nemo FARO 55 a ɗinke tun watan Afrilu, in ƙara FARO 58, in kuma ɗaga kunya a kewayen rabin fangalin da takin gida, in ga nawa ne aikin iri nawa ne aikin ƙasa. Tushiya kuwa wannan makon za a kwashe ta.

Ta Gwaggo na ware tiya ɗaya na iri na zuba a tulu da toka yadda take yi. Jibi zan kai mata tiya biyu. Ta aiko a tuna min cewa kwanonta ma tun watan Mayu bai koma ba.